Ƙauyen da Ƙuri'a ta Zaɓa

"Ki sake jefa ƙuri'ar mana, wa zai sani?" in ji Mereoni, abokiyar aikin Dakta Salanieta a jami'a, tana leƙen kwamfutar.

Salanieta ta ƙura wa sunan ƙauyen ido. Duk yawan ƙauyukan tsibirin Kadavu, ƙuri'ar da kwamfuta ta jefa don binciken ciwon sukari ba ta tashi faɗawa ba sai kan ƙauyen su Isikeli, masoyinta da uwarsa ta raba su bara, wai ba ta son surukar da ke ƙirga mutane kamar awaki.

"Kullum ina gaya wa ɗalibaina, mai sake ƙuri'a don ba ta yi masa daɗi ba, to ya kashe bincikensa. Zan je," in ji Salanieta.

Mereoni ta taɓe baki. Da ma ta daɗe tana aika wa Isikeli gaisuwar da ba wanda ya sa ta, don ita ma idonta na kansa.

Ranar da jirgin ruwa ya sauke ta, Salanieta ta miƙa saiwar yaqona, gaisuwar al'adar tsibirin, gaban mai gari, kamar kowane baƙo. Wa ke zaune zai yi jawabin karɓa? Isikeli. Ya karɓa, maza suka tafa. Shi ke nan, ta zama 'yar gari, kuma gidan da zai ciyar da ita na su Isikeli ne.

Uwarsa ta dire mata kwanon rogo da kifi.

"Kin zo ƙirga mu?"

"Har da ke, Nana. Miƙo yatsa a duba sukarin."

Tsohuwa ta harare ta, dariya kuma ta ƙwace mata.

"Duba, 'yar nan. Tun bara yaron nan ya hana gidana sakewa, ko kifin kirki ya daina kamowa. Haƙorin ƙaton kifin nan whale da ya tanada don neman aurenki bisa al'ada yana cikin akwati, ni na ɓoye shi... Na gaji, zan fito masa da shi."

Salanieta ta rufe fuska don daɗi.

A bakin teku Isikeli ya tare ta, yana ta murmushi.

"Ashe na'ura ce ta kawo ki, rabin raina, ba kewata ba?"

"Na'ura ce ta kawo ni," ta ce, ta kama hannunsa. "Zaman kuwa ba zan jefa masa ƙuri'a ba. Ni na zaɓa."