Muryar da Aka Fizge

Ranar da ya fara shiga shagonta na kwamfuta, hannunsa ta buge. Ya kawo 'yar na'urarsa ta sauraron waƙa a zuba masa sababbi, ba a gama ba ya kai hannu zai fizge wayar da ta haɗa ta da kwamfuta.

"Kai malam! Sai an danna cirewa, kwamfuta ta ce ta sake ta. In ba haka ba, komai lalacewa zai yi."

Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, kalmar ta maƙale. Tela ne, mai in'ina sosai. Ta tsaya shiru har ya fitar da ita, shi kenan bawan Allah ya kamu. Tana kiransa Gaggawa, yana kiranta Sanyin Raina, amma a rubuce, don a saƙon waya bakinsa garau yake.

Babanta ne ya ƙi. "Wanda gaisuwa ke gagara, da wane baki zai riƙe gida?" Ga kuma ɗan abokinsa na nema, mai karanta labarai a rediyo, bakin nan kamar an shafa masa mai. Ta yi kuka har idanunta suka kumbura, da ƙyar Baba ya ce telan ya zo Asabar ƙarfe huɗu ya faɗi abin da ke tafe da shi. Sau ɗaya tak.

Kwana tara yana ɗaukar muryarsa, ita tana yanke inda ya maƙale, har suka haɗa maganar minti uku santala. A na'urar za a kunna wa Baba.

Ranar Asabar aka hana ta fita. Ta aika masa makulli, shi ya buɗe shagon, ya jona na'urar ya tura muryar, ya danna cirewa. Kwamfuta ta ƙi.

Saƙonta ya shigo: "Gaggawa, huɗu saura goma. Mai rediyo yana falo, Baba sai duba agogo yake. Don Allah ka zo, ƙirjina zai fashe."

Ya mayar mata: "Kwamfuta ta ƙi sakin na'urar, wai ana amfani da ita."

"Rufe duk abin da ke buɗe, ka jira!"

Kafin wannan saƙon nata ya iso ya riga ya fizge, ya fita da gudu.

A gaban Baba ya danna, ya sake dannawa. Wayam. A bayan labule ta toshe bakinta tana hawaye.

Ya ajiye na'urar ya durƙusa. "Ba… Ba… Baba, ina…"

"Yana nufin…" in ji mai rediyo yana murmushi.

"Ba da kai yake ba," Baba ya katse shi.

Gumi ya jiƙa wa telan riga, jijiyar wuyansa ta tashi, bai daina ba. "Ina s… s… son ta. Ka… ba ni."

Baba ya daɗe yana kallonsa. "Wa yake sa ka wannan wahalar?"

"I… ita."

"To tashi, ɗana, na ba ka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba ya riƙe hannayensu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku haƙurin sauraron juna." Ango ya ɗauki lokacinsa kafin ya ce amin, kuma duk ɗakin aka jira shi.