Ruwan Batir a Gindin Mangwaro

Rana ta yi ja a kan rufin kwanon unguwar Asawase, masu koko sun fara jera kujeru a bakin titi, Latif kuwa yana tsugune a tsakar gidansa a gaban wani ƙaton batir. Gyaran batir ne sana'arsa, kuma a Magazin, inda makanikan Kumasi suka taru, ba wanda bai san hannunsa ba. Amma ranar a gida yake aiki, abin da matarsa Azaratu ta hana tun ranar da aka kawo ta. Ta ce ruwan batir da yara ba sa zama gida ɗaya. To, Azaratu ta tafi suna Tafo, kuma in ba kura, kare ma sarki ne.

Batirin na ƙaninta ne, Seini, mai jirgin inji da ke ɗaukar mutane da doya a tafkin Yeji. In an murɗa makulli sai injin ya ce ƙas, ƙas, ya yi shiru. Seini ya aiko batirin a motar doya, ya bi shi da waya ba dare ba rana, wai ranar kasuwa ta matso. Latif ya kankare farin garin da ya taru a kawunan batirin, ya duba ɗakunansa ɗaya bayan ɗaya, ya ga ruwan ciki ya yi baƙi ya mutu. Ya juye shi a roba, ya zuba sabo. Sannan ya yi wanka, ya yi alwala, ya zura sabuwar farar jallabiyarsa.

Nan ne fa ladan ya kira magariba, robar tana nan a tsakar gida. Kowa a sana'ar ya san ɗigo ɗaya na ruwan nan ya isa ya huda riga. Latif ya dubi robar, ya dubi jallabiyarsa. Wallahi ba wani dalili ban da wannan.

"Zuleha, zo ki kai wannan bayan gida ki zubar. Yi sauri."

Zuleha 'yarsa ce, ita kaɗai, ba ta wuce shekara goma ba. Ta ɗauki robar da hannu biyu, ta zagaya gindin mangwaron da ke bayan ɗaki. Bai ce mata ta yi bismillah ba, alhali ko ruwan zafi ba a kwarawa a ƙasa da magariba sai an ambaci sunan Allah, don ba mu kaɗai ke zaune a duniya ba. Ya ji ƙarar zubar ruwan. Ya ji wata 'yar ƙara siririya, wadda ba ta yi kama da muryar Zuleha ba. Da ta dawo tana ɗingishi, ya ga ruwan ya fantsamar mata a ƙafar hagu.

"Ɗauraye da ruwa, ki sa safar makaranta," ya ce, yana gyara hula. "Kada ki faɗa wa Mmanki, kin ji ko?"

Ta gyaɗa kai. Ya tafi masallaci, har ya sami sahun farko.

Batirin ya sha caji har mita ta nuna ya cika. Da asuba Latif ya sake ɗora mita, allurar ko motsi ba ta yi ba. Ya ce wataƙila ɗaki ɗaya ya mutu. Ya gwada, duk lafiya lau. Ya ce ko na'urar caji ce. Ya aro ta maƙwabci, ya cika batirin, ya cire masa kowace waya, ya ɗora shi a kan katako. Gari ya waye, fanko. Ya ɗauko sabon batir daga Magazin, a ledarsa, ya kwana a gidan, shi ma ya tashi a mace. Daga nan sai tocila, sai rediyo, sai wayar Azaratu. Duk abin da ke riƙe wuta, in ya kwana a gidan nan, ya zama dutse.

Jifa kuwa da magariba take farawa. Ana kiran salla sai tsakuwa ta sauka a kan kwano, ɗaya, a yi shiru, sannan wata. Maƙwabta suka hau katanga suka duba, ba kowa. In jifar ta lafa, sai a ji kukan yaro daga bayan ɗaki, can ƙasa-ƙasa, irin na wanda ya yi kuka har ya gaji. Zuleha ta daina zuwa makaranta, ta daina cin abinci. Ta sami kusurwar ɗaki ta zauna, ta naɗe ƙafar hagu a ƙarƙashinta. Ranar da Azaratu ta kai hannu za ta cire mata safa don ta yi mata wanka, yarinyar ta hankaɗe ta har ta bugi ƙofa, ta ce da wata murya mai kauri, "Kada ki taɓa."

"Baban Zuleha," in ji Azaratu, "ranar da na je Tafo, yarinyar nan ta fita da magariba?"

"Ina masallaci," ya ce.

Ba ƙarya ya yi ba, kuma wannan ne ya fi cin sa. Azaratu ta ɗora laifin a kanta, tana kuka tana cewa da ba ta je sunan ba da haka ba ta faru ba. Shi kuwa yana jin ta, ya duƙufa a kan batir yana goge kawunan da ba su da sauran datti. Kunya ta kama shi, tsoro ya kama shi, ya rasa wanda zai fara saki.

Azaratu ce ta je unguwar Moshi Zango ta ɗauko Malam Rafi'u, wani dattijo siriri mai magana a hankali. Ya iso ana gab da magariba, ya yi salla a tsakar gida, tsakuwa tana sauka a kan kwano bai ko ɗaga kai ba. Ya sa aka zaunar da Zuleha a tabarma, uwar ta riƙe kafaɗunta, ya fara karatu a kunnenta. Ya daɗe yana yi. Duhu ya shigo, unguwar ta yi tsit kamar an kwashe mutanenta. Can jikin yarinyar ya sandare, bakinta ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito.

"Ya isa, Malam. Ka ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Mai gindin mangwaro. Tun ba a aza tubalin gidan nan ba nake nan, ban taɓa ko kazarsu ba."

"To me ya kai ki jikin yarinya?"

"An ƙona min ɗa. Yana wasansa aka kwara masa wuta a ƙafa, ba bismillah, ba gafara dai. Shi ya sa na rantse wuta ba za ta sake kwana a gidan nan ba. Kuma ƙafa a bakin ƙafa."

Malam Rafi'u ya ce, "Ki ji tsoron Allah. Wannan yarinya alƙalami bai hau kanta ba tukuna. Zalunci haramun ne a kanku kamar yadda yake a kanmu. Faɗi abin da zai warkar da ɗanki."

Muryar ta ce a jiƙa kanwa da ruwa mai yawa a kwarara a gindin itacen, da sunan Allah, har ƙasar ta daina ci. Latif ya san kanwa na kashe kaifin ruwan batir. Tun ranar ya san haka, bai yi ba. Malam ya ce za a yi.

"Da saura," in ji muryar. Kan yarinyar ya juya a hankali. "Yaro ba ya ɗaukar wuta da kansa. Wanda ya aike ta ya faɗa da bakinsa, in tafi."

Azaratu ta ɗago ta dubi mijinta.

"Ni ne," in ji Latif. "Ni na ba ta. Don kada ya ɓata min riga. Ya zuba mata a ƙafa, na ce kada ta faɗa miki."

Azaratu ta ƙara riƙe 'yarta.

"Nawa ɗan ya yi kuka, na jiyo shi daga nesa na zo," in ji tsohuwar, muryarta ta yi sanyi yanzu. "Taku tana ƙonewa a gabanku, an ce ta yi shiru, ta yi. Ni na riƙe mata zafin duk kwanakin nan, don ni ma uwa ce. In na fita za ta ji shi. Ku riƙe ta da kyau."

Zuleha ta yi atishawa, jikinta ya saki. Sai ta kwantsama wata ƙara da har yau matan layin ba sa son tunawa. Safar ta manne da nama, sai da aka jiƙa ta aka yanka da almakashi. Abin da ke ƙarƙashi ya sa Malam Rafi'u ya kau da kai, ya ce nasa aikin ya ƙare, a nemo tasi zuwa asibiti.

An kwarara kanwar. Jifa ta tsaya. Batirin ya kwana da wutarsa, ya koma Yeji a motar doya. Likita ya ce ƙafar za ta tsira, amma da an kawo ta tun ranar da ba za ta rasa yatsu biyu ba.

Latif yana zaune a bakin gadon asibiti Seini ya bugo waya, yana dariya, ya ce, "Yaya Latif, saurara." Ya kara wayar a jikin inji, injin yana ruri, bugu ɗaya ya tashi. Latif ya kashe wayar.

Azaratu ta fita ɗebo ruwa. Tun ranar ba ta yi masa magana ba sai ta dole. Zuleha ta buɗe ido. Ba ta tuna Malam ba, ba ta tuna komai na magaribar nan ba. Ta dubi ƙofa ta tabbata uwar ba ta kusa, ta yafito ubanta da hannu. Ya sunkuya ya kai kunnensa bakinta.

"Baba," ta ce a hankali, "wallahi ban faɗa wa Mma ba."