Talatar Da Baaba Ta Hau Kwalekwale

A layin banki Baaba ta fara ganinsa. Ita ta zo biyan kason ƙungiyarsu ta mata masu bandar kifi, shi kuma ya fito daga ofishin manaja da takardun da ko buɗe su ba a yi ba.

"Sun hana ka?" ta tambaya, don Baaba ba ta iya gani ta yi shiru ba.

"Wai teku ba gona ba ce, ba a jinginar da ita." Ya yi murmushin yaƙe. "Babana sau biyu ya karɓi rancen inji a nan, da lemo ake tarbarsa. Ni ko kujera."

Haka abin ya koma a garin Moree na bakin teku. Tun da manyan jirage suka fara kwashe kifin tsakiyar teku, bankuna suka janye hannu daga masu kwalekwale. Sai masu ɗakin sanyi na ajiye kifi ake ba rance, sai mata masu murhu, su ma a ƙungiya.

Sunansa Ato. Ya gaji kwalekwale da raga, amma injin ya riga mai shi mutuwa. Kafin su rabu ya karɓi lambarta, da yamma saƙo ya shigo.

"'Yar hayaƙi, har yanzu ina jin ƙamshin bandarki a rigata."

"Kyaftin ba inji, je ka wanke rigar."

"Ba zan wanke ba."

Ta daɗe tana kallon wayar tana dariya ita kaɗai. Wata uku ba su cika ba ta san ta kamu, kamun da ba ta neman kuɓuta.

Uwarta, Maame Ekuwa, ko sauraro ba ta yi ba.

"Kwalekwale ba inji ai akushi ne. Ga Fiifi mai ɗakin sanyi, banki har gida suke bin sa. Ke sai ɗan teku? Kin manta ubanki?"

Wa zai manta? Bashi ya matsa wa uban Baaba, ya fita kamun kifi ranar Talata, ranar da kaf gaɓar nan ba mai taɓa ruwa, don ranar hutun teku ce. Hularsa kaɗai ta dawo.

Baaba ba ta yi musu ba. A ɓoye ta jinginar da murhunta uku, ta karɓi rance da sunanta, ta je ɗakin sanyin Fiifi ta sayi tsohon injinsa. Garin ƙarami ne, kafin ta isa gida labarin zuwanta ya riga ta. Sai ga saƙon Ato.

"An ce awa biyu kika yi wurin Fiifi. Allah ya sanya alheri. Ba na riƙe ki."

Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ƙi ba shi amsa. Washegari aka turo injin a amalanke har ƙofarsa, da 'yar takarda a ɗaure: "Ga abin da na yi awa biyu ina ciniki. Sakarai."

Da gudu ya zo, ya durƙusa cikin tokar murhu yana ba ta haƙuri, idonsa jawur.

Sai dai teku ba ta san soyayya ba. Fita goma, kwando biyu. Wani lokacin ko kuɗin mai ba ya dawowa. Baaba ta tsallake biya ɗaya, ta tsallake na biyu, takarda ta zo: ranar Laraba ko kuɗi ko murhu. A nan ne Ato ya san abin da ta jinginar.

Ranar Litinin da la'asar ruwa ya yi baƙi daga nesa, tsuntsaye suna ta shawagi a kai. Kifi ne, irin wanda aka yi shekara ba a gani ba. Tsofaffi suka tsaya suna kallo kawai, don rana ta riga ta yi ƙasa, kuma gobe Talata. Baaba na tsaye cikinsu sai wayarta ta yi ƙara.

"'Yar hayaƙina, gobe da asuba zan fita. Sau ɗaya tak. Ba zan zauna a ƙwace murhunki saboda ni ba. Kada ki gaya wa kowa."

Da Ato ya iso gaɓa da mutanensa huɗu, sai suka tarar da ita zaune daram a cikin kwalekwalen, ta sha ɗamara. Mutanen suka ja da baya. Mace ba ta fita kamun kifi, kuma ba wanda zai tura kwalekwale da mace a ciki.

"Baaba, sauko."

"Tura mu tafi. In hula za a kawo wa Maame, a haɗa mata da ɗankwali."

"Murhunki fa?"

"Laka ce, Ato. Ana sake ginawa. Kai da me zan sake gina ka?"

Igiyar ruwa tana dukan gindin kwalekwalen kamar mai kira. Gari ya fara wayewa, mutane suka taru, sarkin masunta ya iso da sandarsa. Can sai ga Maame Ekuwa ta ratso taron, ko takalmi babu.

Ato ya dubi baƙin ruwan nan, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya kwance injin, ya saɓa a kafaɗa, ya zo ya ajiye shi a gaban tsohuwar.

"Maame, a sayar a biya. Na fasa."

Ta dube shi sama da ƙasa.

"Nawa mijin, har ƙafarsa na riƙe a wurin nan, ya fizge." Ta share ido da gefen zane. "Ɗauke min wannan ƙarfen ka mayar inda yake. Akwai kuɗin da na ajiye na akwatin gawata, su za a kai banki gobe. Saura ku bari in mutu kafin ku mayar min, ku ga yadda zan hana ku barci."

Ranar Laraba kifin ya wuce, ba wanda ya sake ganinsa. Bankin ma bai canza hali ba.

Bayan wata biyu dangin Ato suka zo ƙwanƙwasa ƙofa, wato neman aure, aka buɗe musu. Ranar Talata aka yi bikin, don ita ce ranar da duk mazan gari ke tudu. Aka ci dokunu, tuwon masarar gaɓar nan, da soyayyen kifi, ba mai yawa ba, amma ya zagaya.

Maame Ekuwa ta haɗa hannuwansu cikin nata, ta juya wa teku baya.

"Allah ya ba ku zuri'a mai albarka. Kai kuma, ɗana, ban roƙa maka cikar kwalekwale ba. Allah ya sa duk fitar da ka yi, ka dawo da ƙafarka."

Taro ya amsa da amin. Ta Baaba ta fi ta kowa ƙarfi.