Ɓarawon da Bai Faɗi a Gangare ba

Mai Kemis ya dawo daga bayan gona yana gyara wando, ya duba gindin bishiyar da ya jingine kekensa, wayam. Ihun da ya kurma har shanun da ke kwari sai da suka ɗago kai.

Ba ƙaramin keke ba ne, jama'a. Irin na hanyar burji ne, mai faɗin taya, mara nauyi, yatsa biyu ke ɗaga shi. Tun da ya saye shi 'yan ƙungiyarsu masu zaga tuddai ran Asabar suke ce masa Allah ya sa alheri da baki, cikinsu kuwa kamar an zuba barkono.

Sajan ta 'yan sanda aka kira, ta zo a babur. Ita dama ba ta ƙaunar wannan ƙungiya, domin mijinta Tela shi ne babban aminin Mai Kemis, kuma shekara da shekaru kowace Asabar keke ke ƙwace mata shi. Yau ne kaɗai ta baro shi kwance, wai bayansa ya riƙe.

"Wa kake zargi?" ta tambaya.

"Kowa," in ji Mai Kemis. "Duk ido suke sa mini. Wallahi ko wane ne, sai ya kwana a caji ofis."

Hanyar ba mota, ba hayaniya, sai tsakuwa da jar ƙasa, saboda haka sawun tayar ya fito sarai. Ya nufi gangaren da mahaya ke tsoro, mai mugunyar kwana a ƙasa. Sajan ta bi shi a ƙafa. A kwanar tayar baya ta ɗan ja ƙasa, ta miƙe sumul. Ba inda aka faɗi.

Ta hau ta fara da Dogo, malamin makarantar da ya zama sabon abokin tseren Mai Kemis.

"Ina kake lokacin?"

"Can gaba, ranki ya daɗe, muna ɗaukar hoton kwari. Ga su nan ki tambaye su."

"Kana son keken?"

"Wa ba ya so? Amma ko taɓa shi ba ya bari a yi. Na ce ya ara mini sau ɗaya, ya ce in ari ƙafata."

Sauran suka shaide shi. Sajan ta wuce rumfar Mai Gyara da ke bakin titi, ta same shi da ƙafa a ɗaure, ya ɗora ta kan tsohuwar taya.

"Ke dai dube ni," ya ce. "Ko bayan gida ɗauka ta ake yi. Amma kada ki wahalar da kanki, je asibiti ki nemi mai fasasshen baki. Shi ne ɓarawonki."

"Don me?"

"Hannun Mai Kemis ɗaya ba shi da ƙarfi tun wani hatsari. Ni na musanya masa birki, na gaba ya koma wurin na baya. Duk baƙon da ya damƙi birki a gangaren nan yadda ya saba, ta kan keken zai tashi sama."

"Ba wanda ya faɗi," in ji Sajan.

Mai Gyara ya sosa ɗaurinsa.

"Wa ya san da musanyar?"

"Kunyar hannun yake ji, ya hana ni faɗa. Daga ni sai shi, sai wanda ya rako shi ranar." Ya kawar da kai. "Sajan, ƙafata na zugi."

Ba ta matsa masa ba. Ta koma kwanar, ta ci gaba da bin sawu har wata bukkar gona da aka daina kwana a ciki. Ga keke a jingine, an goge shi tas, an lulluɓe shi da ƙyallayen atamfa da aka haɗa da ɗinki don kada ƙura ta taɓa shi. Ɗaya daga cikin ƙyallayen ragowar zanenta ne.

Ta koma gida, ta tarar da Tela a kan tabarma yana nishi, har da tofi a kofi.

"Sannu, Baban yara. Yaya bayan?"

"Da sauƙi-sauƙi dai."

"Ɗaga ƙafar wandonka."

"A'a, yau kuma ni ne mai laifin?"

"Ɗaga."

Jar ƙasa har ƙwauri, ga baƙin man sarƙa a sha-raɓarsa ta dama. Nasa keken kuwa yana rataye a zaure, tayarsa fes.

"Ta cikin gonaki ka bi a ƙafa," in ji ta. "Ka san bishiyar da yake tsayawa, don mafitsararsa ba ta wuce nan. Ka san birkin, shi ya sa ka sauka lafiya. Kuma kaf duniya ba ɓarawon da ke yi wa kayan sata mayafi sai tela."

Nishin ya tsaya. Ya tashi zaune, bayan ya warke.

"Ba sayarwa zan yi ba," ya ce. "Tun muna samari kafaɗa da kafaɗa muke hawa tudu. In ya gaji in jira shi. Hannunsa ya lalace, ni na riƙa tura masa keke. Yanzu ya samu mai tashi kamar tsuntsu, sai shi da wannan Dogon, mai ƙafa kamar gora. Makon jiya na iso saman tudu ina haki, har sun sha ruwa sun wuce. Ko waiwaye. Na ce in ya rasa shi zai koma tsohon kwarababben kekensa, mu tafi tare."

"Ka ji zafi ke nan, an bar ka a baya."

"Ƙwarai."

"To sannu. Ni da ake bari kowace Asabar ban saci keken kowa ba. Sa takalmi."

Shi ta sa ya turo keken tun daga bukka har ƙofar kemis, tana biye da shi a babur a hankali, unguwa na leƙe. Mai Kemis ya dubi keke, ya dubi mayafi, ya dubi amininsa.

"Kai ne? Don ubanka, da ka karye a kwanar nan fa?"

"Da ka waiwayo ka gan ni."

Mai Kemis ya daɗe yana murza hannunsa mai rauni. Can ya ce, "Sajan, na janye ƙara. Kai kuma, Asabar mai zuwa ka zo da wuri. Zan jira ka a kowane tudu, tsohon banza."

Tela ya washe baki. Sajan ta dube su su biyun, har sun manta tana wurin.

"Ƙara kam ta janyu," ta ce. "Amma bincike bai rufe ba. Keken Tela zai zauna a ofishinmu a matsayin shaida."

"Nawa? Ai nawa ko fita bai yi ba!"

"Shi ne abin da za mu bincika."

"Har yaushe?"

"Asabar dai kam kana gida. Labulen ɗakina ya yage tun bara."