Dakalin Inna

Auta tana share dakalin ƙofar gidansu ta ga wani saurayi ya shigo lungun riƙe da doguwar sanda mai wani farin abu kamar faifai a samanta. Sai ya kafa ta a ƙasa, ya tsaya ƙiƙam yana duban wata 'yar na'ura a hannunsa, sannan ya yi gaba. Da ya iso wurinta ya yi sallama, ya roƙe ta ta ɗan matsa zai auna gefen dakalin.

Ta ce, "Malam mai sanda, ina shanun naka?"

Dariya ya yi har sandar ta karkace, dole ya sake awon. Ya ce daga ofishin taswira yake, an turo su su shigar da unguwar cikin taswirar da ke waya, gidaje da kwatoci da hanyoyi. Sandar tana karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam, ita ke faɗa masa daidai inda yake tsaye.

Auta ta jingine tsintsiyar, ta ce masa ai sun makara.

Ba ta yi niyyar ba shi labarin ba, sai ta ji bakinta yana zuba. Bara da numfashin Inna ya sarƙe, Allah ya jiƙanta, sun kira motar asibiti. Direba ya yi ta kai da kawowa a bakin titi, wayarsa ba ta san da lungunsu ba. A bargo aka ɗauko ta, Baba a gaba, maƙwabta a baya, kafin su kai titi ta cika. Shi kuwa dakalin, Baba da yake magini ne, shi ya gina mata lokacin da ƙafafunta suka fara ciwo, don ta riƙa zama tana ganin mutane. Tun simintin yana ɗanye ta danna tafin hannunta a kai, wai kada wata ta zo ta ce nata ne. Tun rasuwarta ba wanda ya hau shi, amma kullum sai an share.

Saurayin ya yi wa Inna addu'a. Ya auna dakalin a hankali, bai bari ko sandar ta taɓa shi ba.

Daga ranar sunansa ya zama Mai Sanda. Aikin unguwar ya ƙare, amma shi kullum da abin da ya manta bai auna ba a lungun. Har ya samu lambarta, ya fara turo mata saƙo.

"'Yar lungu, yau na zana rufin gidanku a kwamfuta. Na daɗe a kansa har oga ya tambaye ni ko fada nake zanawa."

Ta mayar masa, "Ka ce masa gidan da za a bi ka da tsintsiya ne in ka ƙara auna mana kwata."

Tun bayan Inna, sai a lokacin aka sake jin dariyar Auta a tsakar gida.

Ranar da ya zo gaishe da Baba, an karɓe shi da fara'a. Tambaya ɗaya Baba ya yi masa, yaushe lungun zai fito a waya a matsayin hanyar mota. Mai Sanda ya sunkuyar da kai. Ya ce aikin yana da ƙa'ida da duk masu zana taswira ke bi, don kowane layi ya zama abu ɗaya yake nufi ga kowa. Hanyar mota akwai faɗin da sai ta kai shi. Tasu ba ta kai ba, don haka ya sa ta hanyar ƙafa, ya kuma yi alama a bakin titi inda mota za ta tsaya a fito a same ta.

Baba ya ce, "Wato a gabana kake cewa matata ta mutu a hanyar da ba hanya ba?"

"Baba, in na zana abin da babu, wata rana wani direba zai yarda da ni."

"Tashi ka ba ni wuri."

Akwai ɗan wani aminin Baba, wanda 'yan lungu ke kira Ɗan Kwalisa saboda takalminsa bai san ƙura ba. Ofis ɗaya suke da Mai Sanda, amma shi a kan kwamfuta yake zama, kuma ya daɗe yana son Auta. Da ya ji abin da ya faru ya ce ai wannan danna maɓalli ɗaya ne. Bai jira an duba ba ya canja layin, ya kawo wa Baba waya ya nuna masa lungun ya fito ɓaro-ɓaro kamar titi. Baba ya riƙe wayar yana kallo, ya ce masa gida nasa ne, ya zo duk lokacin da yake so.

Mai Sanda ya kai ƙorafi ofis, aka ce za a duba. Labarin ya dawo kunnen Baba, ya rantse ko sunan Mai Sanda ba ya son ji.

Auta ta rubuta masa, "Me ya sa shi ya iya, kai ba ka iya ba?"

Ya amsa mata, "Lungunku ya ishi mota ko'ina, sai a kwanar nan, wurin dakalin Inna. Na sani tun ranar farko. Na kasa faɗa wa Baba, ke ma da ƙyar nake rubuta miki."

Ta karanta, idonta ya rufe. "Ashe ranar da nake ba ka labarinta, kai faɗin wurin zamanta kake lissafi. Kada ka ƙara nemana."

Ya bi maganarta. Ita kuwa ta koma shiru irin na da. Ɗan Kwalisa yana zuwa da turarensa yana ta surutu, ita tana kallon dakali.

Wata rana da tsakar rana naƙuda ta zo wa matar tela, maƙwabcinsu na can ciki, da gardama. Aka kira motar asibiti. Wannan karon direba bai ɓata ba, wayarsa ta nuna masa hanya, ya shigo kai tsaye. Yana zuwa kwana motar ta maƙale tsakanin bango da dakali. Ba ta gaba, ƙofa ba ta buɗuwa, ga shi ta toshe lungun, masu ɗauke da matar a bargo sun rasa ta inda za su wuce. Baba ne a gaba, kamar wancan karon. Yana tsaye riƙe da bakin bargon yana jin ƙarar ƙarfe na gurzar siminti, har motar ta samu ta ja da baya.

Matar tela ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba.

Ɗan Kwalisa ya zo ya durƙusa yana kuka, ya ce shi faranta ran Baba kawai ya yi nufi. Baba ya ce masa ya tashi, laifin na shi Baba ne da ya nace sai an canja layin. Daga nan Ɗan Kwalisa bai ƙara zuwa ba.

Washegari da safe Auta ta fito da tsintsiya ta tarar da Baba zaune a kan dakalin, ya ɗora hannunsa cikin shatin tafin Inna. Bai ɗago ba ya ce ta miƙo masa guduma da kurfin sassaƙa siminti, ta kuma kira masa yaron nan ya zo da sandarsa.

Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. Daga ƙarshe ta tura, "Mai Sanda, Baba yana kiranka. Ni ma."

Ko da ya iso Baba ya riga ya yanke wurin tafin a hankali ya ajiye gefe. Sauran ya fasa da hannunsa, ya hana kowa taya shi. Auta tana kwashe ɓaraguzan tana share hawaye da bayan hannu. Da aka gama Baba ya ce a auna.

Mai Sanda ya kafa sanda a wannan bango, ya kafa a wancan, ya dubi na'urar. "Ya isa, Baba."

"Kada ka faɗa don ka ji tausayina."

"Da zan yi haka, da tun farko na yi."

Baba ya goge gumi da hularsa, ya daɗe yana kallonsa. "Shi ya sa na ba ka Auta. Ka turo manyanka."

Ranar da aka ɗaura auren, direban motar amarya baƙo ne, bai taɓa zuwa unguwar ba. Wayarsa ya bi, ta kawo shi har ƙofar gida. Baba ya miƙa wa Auta guntun simintin nan naɗe a ɗankwalin Inna, ya dafa kanta ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa duk inda suke a same su a kan lokaci. Ta rungume ƙunshin tana kuka, angon ya ce mata a hankali, "'Yar lungu, za mu gina mata wuri a cikin gidanmu."

Baba ya tsaya a inda dakalin yake a da, yana kallon motar ta sha kwana ba ta taɓa komai ba. Ya ce, kamar Inna na zaune a wurin, "Kin gani, ta shigo." Sannan ya ɗauki tsintsiyar da Auta ta bari a jingine, ya shiga gida.