Gidan da Ya Amsa Sallama a Rafin Marke

Ku matso. Zayyanu, kashe wayar nan. Kun dame ni sai na ba ku labarin aljanu, alhali kun san ban cika yarda da su ba. Shekara tara na yi a sashen haraji na ƙaramar hukuma. Na ga abin da ɗan Adam ke iya yi da biro, ban ga aikin da ya rage wa aljani ba. Amma sau ɗaya an amsa mini sallama.

Ga yadda aikin yake. Gidan da aka bari ba kowa, harajinsa ninki biyu ne. In ya zama kango, a shafa masa jan fenti, kwana bakwai katafila ta zo. Kafin ka rubuta cewa gida ba kowa, ƙa'ida ta ce ka tsaya a ƙofa ka yi sallama sau uku. In an amsa, da mutane. In ba a amsa ba, ka rubuta. Mu dai a bencin mai shayi muke yin tamu sallamar.

A unguwar Rafin Marke akwai wani bene na wani babba, wanda ko a ofis ba a kiran sunansa, sai dai a ɗaga gira. A kan magudanar ruwa aka dasa shi. Shekara shida ba wanda ya kwana ciki, ba a taɓa biyan ko kwabo ba. Fayil ɗinsa kuwa an ce gara ta cinye. Gara mai ilimi. Ta tsallake fayil ɗari huɗu ta zaɓi nasa.

Ruwan da benen ya tare, gidan Gwaggo Ladidi yake komawa, wata tsohuwa mai daddawa da ke bayansa. Damina ta kayar mata da katanga, ita kuma ta tafi wurin 'yarta jinyar ƙafa. Kafin ta dawo mun rubuta gidanta kango. Ni aka miƙa wa gwangwanin fenti.

Na same ta a tsakar gida. Ta riƙe mini hannun riga.

"Ɗan nan, ga tukunyata a kan murhu. Kango na dafa kalwa?"

"Gwaggo, takarda ce ta ce."

"To takardar ta zo ta faɗa mini da bakinta. Wancan benen fa, da ya turo mini ruwa har gado?"

Na shafa fentin. Da hannun nan, ku gan shi.

Da na fito, zuciyata na tafasa, sai na zagaya ƙofar benen. Na ce yau dai zan bi ƙa'ida, ko sau ɗaya, in ji yadda take. Rana tsaka ce, bazara, ƙasa duk ta tsage. Ba kowa a layin.

Na yi sallama. Shiru.

Na sake. Wani ƙadangare da ke kan katanga ya sauko ya bar wurin.

Na yi ta uku.

"Wa alaikumus salam. Shekara shida muna jiran ma'aikaci."

Ƙofar ta buɗe. Kwaɗon kuma yana nan a kulle, yana lilo. Wani dattijo ne, farar riga tsaf. Gefen rigar na ɗiga. Inda ya tsaya taɓo ne, har da talibambam suna motsi. In ya yi magana, sai leɓensa ya rufe tukuna, sannan muryar ta iso, kamar daga ƙasan rijiya.

Me kika ce, Hansatu? Ƙafarsa? Ko kofato ne? Ban duba ba. Ma'aikacin gwamnati ya san abin da ba a dubawa.

"Kai ne na hukuma?" in ji shi.

"Ƙaramin ma'aikaci ne, ranka ya daɗe."

"Duk haka kuke cewa."

Ya dube ni, ya dubi gwangwanin.

"Kakanninku, ko reshen tsamiya za su sare, sai sun ba mu kwana uku mu kwashe yara. Mai benen nan kuwa, ranar Juma'a ya zuba mana kankare a ka. Ba sanarwa. Tsohuwar can kuwa, shekara arba'in ba ta taɓa watsa ruwan zafi a ƙasa ba sai ta yi bisimilla. Ita kuka shafa wa ja."

Ya sa hannu cikin riga ya fito da fayil, jiƙe sharkaf, yana warin taɓo.

"A tafki aka jefa shi. Kan tabarmata ya faɗo."

Na buɗe. Ga rahoton injiniya cewa wurin hanyar ruwa ce. Ga umarnin rushe benen. A sama, da koren biro, ga hannun Darakta Bawale, shugaban sashenmu: "A ajiye."

"Kai musu. Dokarku ce, ba tamu ba. Kuma ka rubuta gaskiya."

Na ɗago kai. Ƙofa a rufe. Taɓon na bushewa a kan idona.

Nan na zauna a dakali na buɗe rajista, na rubuta: an yi sallama uku, an amsa. Ita ce gaskiyar farko da na rubuta a wannan shekarar, har wani alfahari nake ji.

Washegari na shiga ofishin Darakta. Ni kaɗai. Har ƙofa na ja na rufe, don ladabi. Ya juya fayil ɗin shafi-shafi. Bai tambayi abin da ya jiƙa shi ba.

"Namadi, wa ya gani bayan kai?"

"Ba kowa, yallaɓai."

"Madalla."

Ya sa a aljihun tebur ya murɗa makulli. Sannan ya jawo rajista. Na ga fuskarsa ta washe.

"An amsa? Da kunnenka ka ji?"

"Na ji, yallaɓai. Amma wanda ya amsa ɗin…"

"Ƙa'ida ta ce a tambayi asalinsa?"

Ya buga hatimi. Gida da mutane. Ninkin harajin shekara shida ya tashi a banza, da rubutun hannuna. Gidan da ke da mazauna kuma ba a rushe shi sai da kotu, kotu kuma sai da fayil.

Katafila ta iso gidan Gwaggo Ladidi ran kwana na bakwai, ƙarfe takwas daidai. A shekara tara ban taɓa ganin motar hukuma ta zo a kan lokaci ba sai ranar. Ni aka tura in sa ido. Gwaggo ta fito da tukunyarta a ka. Na so ta zage ni. Na so ta tsine mini. Ta dube ni kawai ta ce, "Ɗan nan, matsa can, ƙura za ta ɓata maka riga."

Tun daga lokacin, an ce daɓen ofishin Darakta ba ya bushewa, rani da damina. An ba da kwangilar gyaran rufi sau uku. Shi kuma an yi masa ƙarin girma. Wanda ke wurin yanzu da silifas na roba yake aiki.

To ku saurara. Hanyar Rafin Marke, ku bi ta duk lokacin da kuka ga dama, dattijon nan ba ya taɓa kowa. Hanyar da nake hana ku ita ce barandar sakatariya, daga matakala zuwa ƙofar shugaba. Kada ɗayanku ya taɓa bin ta shi kaɗai da takarda a hannu. Ku je ku uku, kuma ku bar kwafi goma a gida.

Ku tashi ku kwanta. Ni ba na jin barci.