Cerin Baɗi

"Juye bokitin."

Solène na tsaye a gindin tsani, bokitin 'ya'yan itacen ceri rataye a ƙirjinta. Surinder, mai gonar, ba ta ɗaga murya ba. Dama ba halinta ba ne.

"Anti, bari in kai shi inuwa tukuna..."

"A nan. Kan buhun nan."

Ta juye. Jajayen ceri suka gangaro, ga ganye birjik a cikinsu, ga wasu 'yan guntayen itace kamar gaɓar yatsa. Surinder ta durƙusa tana tsince guntayen har suka cika mata tafi. Idon reshe ne, ɗan ƙullin da ceri ke fitowa a jikinsa duk shekara. Wanda ya fizge shi ya tsinki na bana, ya kashe na baɗi.

Sauran masu tsinka suka dakata a kan tsanukansu. Wani ya kashe rediyo.

"Wa ya koya miki tsinka?"

"Navraj."

"Haka ɗana ya koya miki?"

Solène ta sunkuyar da kai. "A'a."

Ba haka ya koya mata ba. Safiyar farko da ta shigo gonar, shi ya kama hannunta ya ɗora babban yatsanta a gindin tsinken. "Tura sama, kada ki ja. Kamar kina cire wa jaririya ɗan kunne tana barci."

Ita da ƙawarta Coralie daga Kebek suka taso a wata tsohuwar mota, kamar yadda samari da 'yan mata ke yi duk bazara: a kafa tanti a gefen gona a garin Oliver da ke yammacin Kanada, a hau tsani tun asuba, a sauka in rana ta take, in ceri ya ƙare a hau jirgi. Su kuwa ƙasar Peru suka nufa. Da yamma Navraj kan ɗebe su a motar gona, yau wanka a tafkin Osoyoos, gobe a kwanta kan robar taya ruwan kogin Penticton ya yi ta tafiya da mutum. Da farko Coralie ce ke zama a gaba. Daga baya kujerar ta koma ta Solène, ba tare da kowa ya ce komai ba.

Layin bishiyoyi na ƙarshe a gonar kuwa mahaifin Navraj ne ya dasa shi kafin ya rasu, kuma 'yan gida kaɗai ke tsinkarsa. Navraj ne ya nace a sa Solène.

"Mama, hannunta ya fi nawa taushi."

"'Yar bazara ce, Navraj."

"Na tsaya mata."

Da safiyar nan Coralie ta zo wucewa ta ɗaga kai ta dube ta. "Ke har yanzu kina bishiyar farko? Saurayin naki fa ya ce da azahar zai kai ki kan dutse ki ga kwarin gaba ɗaya. Da wannan tafiyar hawainiyar sai dai ki gani a hoto."

"Rassan sun cushe ne..."

"Fizga kawai, 'yar'uwa. Wa zai gani? Baɗi war haka ke kina ina, bishiya tana ina?"

Solène ta yi dariya. Sannan ta fizga. Ta ji yadda bokiti ke cika da sauri, ta ci gaba.

Yanzu ga ƙarar tarakta ta tsaya a bayanta. Navraj ya sauko, ya dubi tafin mahaifiyarsa, ya ɗaga kai ya dubi rassan. Duk inda hannun Solène ya bi, reshe ya yi sumul kamar sanda.

"Kada ka yi mata faɗa," in ji Surinder. "Ba muguwa ba ce. Tsinkar wanda ba zai ga baɗi ba ta yi."

Solène ta so ya zage ta. Sai kawai ya karɓi guntayen daga hannun mahaifiyarsa, ya zuba a aljihun rigarsa, ya koma kan tarakta.

Solène ta iske Coralie a tanti tana naɗe kaya tana 'yar waƙa.

"Ke kika ce wa Anti ta duba bokitina."

"Cewa na yi ganye ya yi yawa. Ƙarya na yi?"

"Son shi kike."

"Na riga ki ganinsa." Coralie ta ja zif ɗin jaka. "Kuma taimakonki na yi. Da kin ƙare a kicin ɗin tsohuwar nan kina murza gurasar roti har ki yi furfura."

Solène ta dubi hannunta. Coralie ba ta hau tsanin ba. Hannun da ya fizga nata ne, kuma ya san daidai.

Sai la'asar ta iya ɗaga ƙafa zuwa gidan. Surinder na zaune a baranda tana gyaran wake. Ba ta ce mata zauna ba, amma ta shiga ta fito da shayi mai madara da citta, don ba a taɓa tsayawa a ƙofarta a tafi baki bushe ba. Wannan shayin ya fi mari zafi.

"Anti, na fasa tafiyar. Zan zauna."

"Ki zauna ki yi me? Ki manna idon rassan da gam?"

"Ko me kika ce..."

"Shekara biyu, wataƙila uku, kafin rassan nan su sake ido. Kukanki ba zai rage ko mako ba. Sha shayinki."

Ta kurɓa, hawaye na ɗiga a kofin.

"Kowa yana son gonar nan a watan Yuli," in ji Surinder. "Ga ceri, ga tafki, ga yaro mai mota. Je ki ga duniyarki, yarinya, tun da kin sa rai. A Fabrairu muke datse rassa. Babu ceri, babu wanka, yatsu ba sa lanƙwasuwa. Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa ganin ɗan bazara a Fabrairu ba."

Navraj ne ya kai ta tashar mota ranar tafiya. Sun kusa isa kafin ya yi magana.

"Ba bishiyar ce ta fi ci mini rai ba. Na ce wa Mama na tsaya miki."

"Na sani."

"Kuma abin haushin, ko yanzu aka tambaye ni..." Ya girgiza kai. "Kin cuce ni, 'yar Kebek."

"Ba sai ka jira ni ba, Navraj."

"Ina za ni? Ni da bishiyoyin nan duk dasa mu aka yi."

Ta je Peru. Ta hau duwatsu, ta ga garuruwan da ta daɗe tana mafarki, ta rabu da Coralie a wata tasha ba tare da faɗa ba. Amma duk kasuwar da ta shiga, in ta ɗauki ɗan itace sai ta juya shi ta duba gindin tsinkensa, kunya ta taso mata sabuwa fil.

Ranar da ta dawo Oliver dusar ƙanƙara ta rufe gonar, bishiyoyi tsirara, babu tanti ko ɗaya. Ta bi ƙarar almakashi har layin ƙarshe. Uwa da ɗa na kan tsani.

Navraj ne ya fara ganinta. Almakashinsa ya faɗi cikin ƙanƙara.

"Solène... masoyiyata, da gaske ke ce?"

"An ce a Fabrairu ake datse rassa."

Surinder ta sauko a hankali, ta dube ta sama da ƙasa.

"Da wannan 'yar rigar kika zo? Mutuwa kika zo yi mini a gona?" Ta juya. "Kai kuma rufe bakinka, je ka ɗauko mata safar hannun babanka."

An ɗaura aurensu a bazarar da layin ya sake cika da 'ya'ya. Washegarin biki, da lallen amarci a hannu, Solène ta rataya bokiti ta hau tsani tun rana ba ta fito ba. Navraj na ƙasa yana riƙe mata tsanin da ba ya bukatar riƙo.

Tana saukowa ta ga surukarta tsaye da buhu a hannu.

"Juye bokitin."

"Haba Mama, amarya ce fa," in ji Navraj.

Solène ta juye. Surinder ta durƙusa ta baza cerin da tafinta, ta juya nan, ta juya can. Kowanne da koren tsinkensa. Babu ganye, babu ido ko ɗaya.

Ta ɗauki guda ta jefa a baki, ta tofar da ƙwallon.

"Gobe sababbin 'yan bazara za su iso," ta ce. "Ke za ki koya musu, 'yata."